Za a fara darasin zane a babbar sakandare: da me ake farawa, me ake saya?

Malamar SS1 ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da masu sana'a. Makarantarmu ta je-ka-ka-dawo ce, maza da mata, kuma an amince a fara koyar da darasin zane da aikin hannu, wanda WAEC ke kira Visual Art, ga 'yan SS1 daga zangon farko mai zuwa. Yara 36 suka ba da suna. Iyakar abin da suka sani shi ne ɗan abin da aka taɓa musu a darasin CCA, wato al'adu da fasahar ƙirƙira, na ƙaramar sakandare, shi ma yawanci kwafar rubutu ne daga allo. An ba mu aji guda da ba a amfani da shi, tagogi dama da hagu, babu wuta, ruwa kuma sai an ɗebo daga burtsatse. Darasi uku ne a mako, biyu a haɗe ɗaya a ware, minti 40 kowanne. Kuɗin kaya kuwa kun san halin da ake ciki, ba zai sayi komai a lokaci guda ba.

Tambayata: da wane ɓangare ya kamata a fara, kuma wane kaya ne in babu shi darasin ba zai yiwu ba? Shugaban makaranta yana son a ga rini da tukwane ranar ba da kyaututtuka, to yaya ake yin waɗannan biyun a makaranta irin tamu ba tare da an ƙone yaro ko an yi asarar kaya ba? Ma'auni da matakai nake nema, ba "a dage" kawai ba. Na gode.

Malamin Zane ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi jagora. Shawarata, zangon farko gaba ɗaya a bar wa fensir da gawayi. Yaron da idonsa bai koyi awo ba, ko wace kala aka ba shi ɓarna zai yi, kuma a jarrabawa zanen abin da aka ajiye a gaban ɗalibi ɓangare ne mai zaman kansa.

Kuɗin farko a kai wa kafinta. Falle ɗaya na filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4 yana fitar da allon zane 10 in aka yanka shi santimita 61 da 48, kuma wannan girman yana ɗaukar takardar A2 har da ɗan baki. Falle 4 ya ishe ku har da rara. Kada a sayi siririn nan na silin, damina ɗaya zai lanƙwashe, a nemi mai kaurin milimita 9 ko sama, a goge bakinsa da samfefa. Amfanin allon ba ado ba ne. In takarda tana kwance a kan tebur, yaro yana kallon ta a karkace, sai ya ɗaga zanen ya ga tulun ya yi tsawo kamar an ja shi. A jingina allon a cinya da bakin tebur ya fuskanci ido, a manne takardar da salatif na takarda a kusurwa huɗu.

Takardar katirij, wato farar takardar zane mai kauri, tana da tsada, a ajiye ta don gwajin tsakiya da na ƙarshen zango. Aikin yau da kullum a yi shi a farar takardar jarida da ake samu a maɗaba'a, ko a takardar buhun siminti da aka ware aka karkaɗe. Launinta na ƙasa yana karɓar gawayi da alli sosai, gawayi ya yi duhu, alli ya yi haske. Fensir uku sun isa kowane yaro: HB na shata siffa, 2B na aikin tsakiya, 4B na duhu. Masu harafin H zalla kada su shigo ajin, suna huda takarda su bar kwarmi da ba ya goguwa. Gawayin zane kuwa ba sai an saya ba. A yanko siraran rassan dalbejiya kamar kaurin ɗan yatsa, a fere ɓawon, a bari su bushe, a cika gwangwanin madara mai murfi da su, a huda murfin da ƙusa sau ɗaya, a tura cikin wuta kamar awa guda har hayaƙi ya daina fita ta hudar. Kada a buɗe sai ya huce sarai. In aka buɗe da zafi iska ta shiga, toka za a kwashe.

Yanzu ɗakin. Tagogi dama da hagu suna kashe inuwa, haske ya shigo ta ko'ina, tulu ya zama kamar an yanko shi daga kwali. A rufe tagogin gefe ɗaya ranar zane. A raba yaran gida huɗu, tara-tara, kowane rukuni da nasa kayan a kan benci ƙasa da ido, su zauna rabin da'ira. Kaya uku sun isa: tulu, ƙwarya da ludayi, ko buta, kwalba da albasa biyu. A zagaye gindin kowane abu da alli, saboda mako mai zuwa a mayar da shi daidai inda yake, in ba haka ba zanen da aka fara ya lalace.

Awo shi ne abin da za ki fi shan wahalar koyarwa. Yaro ya miƙe hannu gaba ɗaya, ya rufe ido ɗaya, ya sa bakin fensir a saman abin, ya ja babban yatsa zuwa ƙarshensa, sannan ya ƙirga sau nawa faɗin tulun ya shiga tsawonsa. Kuskuren kullum a gwiwar hannu yake: da ta lanƙwashe awon ya canza. Sai bakin tulu da na ƙwarya. Yaro ya san zagaye ne, sai ya zana zagaye, alhali abin da idonsa ke gani siffar ƙwai ce a kwance. Wasu kuma su yi mata tsini dama da hagu kamar idon kifi, wannan ma kuskure ne, gefenta a lanƙwashe yake. Kuma gindin kwalba ya fi bakinta lanƙwasa tunda ya fi nisa ƙasa da ido, amma za ki ga mafi yawansu sun ja masa miƙaƙƙen layi. A koya musu su fara jan siririn layi a tsakiyar abin daga sama zuwa ƙasa, sannan su gina dama da hagu a kansa.

Makonni huɗu na farko ba rula, ba abin goge fensir. Za su yi ƙorafi, ki ƙyale su. Mai gogewa ba ya gama zane, takardar ce kawai ke yin gashi. Kuma zane ya cinye kamar kashi uku cikin huɗu na takarda, domin ɗan mitsitsin zane a tsakiyar fili alamar tsoro ce, masu maki kuma suna rage masa.

Inuwa ta zo a mako na biyar. Kowa ya ja akwati biyar a jere, na farko fari fat, na ƙarshe baƙi ƙirin, uku na tsakiya su hau mataki-mataki. Sai ya iya wannan zai taɓa tulu. A hana murza fensir da yatsa, maiƙon hannu yana mayar da zanen dauɗa. Inuwar da abu ya jefa ƙasa ta fi duhu a dab da gindinsa, tana yin nisa tana dusashewa, kuma in babu ita sai kayan su yi kamar suna shawagi.

Kala sai zango na biyu, kuma fosta kala biyar kawai za a saya a manyan kwalabe: ja, rawaya, shuɗi, fari, baƙi. Farin ya ninka sauran domin shi ke fara ƙarewa. Ƙananan akwatunan nan masu kala goma sha biyu asarar kuɗi ce, suna hana yaro koyon haɗi. Abu ɗaya da zai ba ki mamaki: an ce ja da shuɗi suna ba da shunayya, sai a haɗa a ga ruwan ƙasa mai datti. Dalili, jan da ya karkata zuwa ruwan lemo akwai rawaya a cikinsa, ka ga kala uku ke nan suka haɗu. A sayi ja mai karkata zuwa launin zoɓo. Burushi lamba 2, 6 da 10, kada a bar su tsaye a cikin ruwa, bakin yana lanƙwashewa kuma ba ya dawowa. Fosta kala in ta yi kauri kamar tuwo tana tsagewa bayan ta bushe, a dama ta kamar kunu mai ɗan kauri.

Marini ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda a kwashe zango guda cur ba a taɓa komai sai fensir ba. Yaro yana son abin da zai kai gida a gani, iyaye ma haka. A yi rini sau ɗaya a mako na takwas ko na tara, a ƙyallen da bai wuce rabin yadi ba ga kowa. Yadi 18 ke nan ga ajin duka.

Yadin ya zama auduga zalla: akoko, farin poplin na auduga, ko farar shadda in da hali. Wanda aka gauraya da roba ba ya kama wannan rinin, sai a wanke a ga ya koma fari-fari. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ƙona zare ɗaya daga bakin yadin. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa ya narke ya dunƙule. Sabon yadi yana da sitacin kamfani, a wanke shi da sabulu tun jiya, in ba haka ba launin zai fito dabbare-dabbare.

Ɗauri shi ne rabin aikin. Zaren buhun shinkafa ya fi zaren auduga domin ba ya shan rini. A sa tsakuwa a ɗaure a sami zobe, a ninke kamar mafici a ɗaure tsakani a sami layi-layi, a cukuikuye a ɗaure a sami kamar gajimare. Ɗaurin ya yi tauri har in ka matsa da yatsa ka ji kamar dutse. Sako-sako ruwan rini zai ratsa shi, a kwance a ga babu zane. Sannan a jiƙa yadin da ruwa a matse kafin a tsoma, jiƙaƙƙen yadi ya fi shan launi daidai kuma ya fi kare wurin da aka ɗaure.

Haɗin da za ki fara da shi, na yadi 2: garin rini cokali 2, kostik soda cokali 2, haidiros (farin garin da ke sa rinin ya narke ya kama yadi) cokali 3, ruwa kamar lita 4 zuwa 5 mai zafi amma ba tafasasshe ba. Cokalin cin abinci nake nufi, na roba, kuma kada ya ƙara komawa kicin. Ƙarfin garin rini ya bambanta daga mai sayarwa zuwa mai sayarwa, don haka a gwada a ƙyalle tukuna. A fara kwaɓa garin da ɗan ruwan ɗumi har gudaji su mutu. A narkar da soda daban a ruwa mai sanyi, kuma soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, domin tana ɗaukar zafi da kanta tana fantsama. A haɗa su a bokiti, a barbaɗa haidiros, a juya a hankali da sanda, a bari minti 10. Kada a kaɗa shi ya yi kumfa, iska ce ke kashe haidiros.

A tsoma minti 10 zuwa 15, yadin ya nutse duka ana juya shi a ƙarƙashin ruwa. A ciro a shanya a inuwa kamar minti 15 iska ta buge shi. Nan yara ke ruɗewa, domin launin da ke cikin bokiti sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, iska ce ke fito da na gaskiya. Haka yake a karofi ma, shunin baba kore-kore yake fitowa daga ramin, sai ya sha iska ya koma shuɗi. A ɗauraye sosai kafin a kwance ɗaurin, in an kwance da rini a jiki zai malala ya ɓata farin. In kala biyu ce, a fara da mai haske: rawaya, a ƙara ɗauri, sannan shuɗi, inda suka haɗu ya ba da kore.

In an wanke an ga launin yana bin ruwa, a fara zargin haidiros. Da ya sha iska ko danshi ya mutu, sai ya dunƙule. A saye shi kaɗan, a rufe a roba mai murfi nesa da ruwa.

Maganar ƙuna kuwa, Malama, ke kaɗai za ki auna soda da haidiros, ba ɗalibi ba ko da shi ne monita. A yi aikin a waje ƙarƙashin bishiya, warin haidiros yana tayar wa mai asma. Safar hannu ta roba mai tsawo ga duk mai tsomawa, mutum huɗu a lokaci guda sun isa. Bokitin roba, ba na alminiyam ba, soda tana cin alminiyam. A ajiye bokiti biyu na ruwa mai tsabta a gefe. In ya taɓa fata a yi ta kwarara ruwa minti 15, in ido ne a wanke haka a wuce asibiti. Ragowar ruwan a zuba a rami nesa da burtsatsen.

Batik, wato rinin da ake shafa kaki a inda ba a so launi ya kama, a bar shi sai SS2. Idan lokacin ya zo, kyandir kashi 3, kakin zuma kashi 1, domin kyandir zalla yana farfashewa da yawa. In aka shafa kakin ya zauna fari a saman yadi bai yi zafi ba, in yana hayaƙi ya wuce kima kuma yana iya kamawa da wuta, wadda ba a kashe ta da ruwa sai dai a rufe tukunyar. Ruwan rininsa kuma sai ya huce, mai zafi narkar da kakin zai yi. In kuna kusa da Kano a kai su karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a wurin, su ga haɗin baba da toka da kanwa, su kuma leƙa mabuga su ga yadda ake fito da ƙyallin yadi da duka.

Mai Yumɓu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malama, in ana son tukwane ranar kyaututtuka, a fara shirin yumɓun wata biyu kafin ranar, domin yumɓu ba ya son gaggawa.

Ba kowace jar ƙasa ce yumɓu ba. Hanya mafi sauƙi a tambayi magina tukwanen yankinku inda suke haƙa, ko a saya a hannunsu. In za a haƙa, a duba bakin kogi, fadama, ko kududdufin da ya ƙafe ya daddare. A jiƙa kaɗan a murza kamar kaurin fensir a naɗe a yatsa: in ya zagaye bai karye ba zai yi aiki, in ya gutsuttsure yashi ya yi masa yawa. Buhu 2 na siminti cike sun ishi yara 36 aikin farko.

A shanya shi ya bushe ƙarau, a daka, a jiƙa a baho kwana 2 ko 3. Busasshe ya fi mai danshi saurin narkewa, mutane da yawa ba su san haka ba. A dama ya zama kamar koko, a tace da rariya ko ragar sauro ta taga, a bari ya kwanta kwana ɗaya, a tsiyaye ruwan sama, a zuba a kan buhu a inuwa har ya daina manne wa hannu. Tacewar nan ba don laushi kawai ba ce. Ƙananan fararen duwatsu na farar ƙasa in suka shiga wuta, bayan kwanaki sai su sha danshin iska su kumbura su ɓantare jikin tukunyar, ki ga abin da ya fito lafiya yana ta zubar da ɓarɓashi.

Sai tsingaro. A daka fasassun tukwane da aka riga aka gasa, a tankaɗe su kamar tsakin masara mai laushi, a zuba kashi 1 cikin yumɓu kashi 4. Shi ke rage tsukewa, ya buɗe wa tururi hanya, ya sa tukunya ta jure wutar fili. Sannan a cuɗa sosai, a yanka da zare a duba ciki, babu rami babu gudaji. Don sanin halin yumɓunku, a yi ɗan falle a ja masa layi mai santimita 10, a sake aunawa bayan ya bushe. In ya koma ƙasa da 9 yana tsukewa da yawa, a ƙara tsingaro.

Aikin farko ɗan kasko na matsawa da yatsa, daga dunƙule kamar girman lemo. Na biyu ginin igiya-igiya, a murza yumɓu dogo a ɗora zagaye a kan zagaye ana shafe mahaɗar ciki da waje. Da irin wannan ginin hannu Ladi Kwali ta yi suna tun kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma hotonta ne a bayan naira 20, ki nuna wa yara. Kaurin bango kada ya wuce santimita 1, kuma ya zama ɗaya daga gindi zuwa baki. Duk inda za a liƙa hannu ko marfi, a karce ɓangarorin biyu da tsinke, a shafa kwaɓaɓɓen yumɓu mai ruwa, sannan a danna. Wanda aka manna haka kawai zai faɗi tun kafin wuta. Abin da aka mulmula dunƙule mai kauri a rarake cikinsa a bar huda.

Bushewa a inuwa, an lulluɓe da leda kwana 3 na farko, sannan a buɗe kaɗan-kaɗan, jimla mako 2. Rana ko iskar hunturu tana busar da baki kafin gindi, sai ya tsage. Idan ya yi taurin fata, bai gama bushewa ba, a goge shi da sumul ɗin dutse ko bayan cokali, zai yi sheƙi bayan gashi, lokacin ne kuma ake karta ado. Alamar ya bushe: ki kara shi a kunci, in akwai sanyi da sauran ruwa.

Fashewa a wuta ruwa ne ke kawo ta, yana zama tururi ya rasa mafita. Saboda haka ranar gashi a jera kayan a rana tun safe, sannan a kewaye garwashi da su awa 1 ko 2 ana juyawa har su yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. A shimfiɗa itace da busasshen kashin shanu a ɗan rami mara zurfi, a kife manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da tsingaro manya-manya, sannan kara da ciyawa. A yi da yamma in iska ta kwanta. A bar su cikin toka su kwana, kada a zaƙulo da zafi. Wanda ya gasu in aka ƙwanƙwasa yana ƙara, ɗanye kuwa shiru. Masu son baƙi-baƙi mai sheƙi suna yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, tun tukunya tana da zafi, amma wannan aikin gwanaye ne, a gayyato magina su nuna. Gilashin nan mai santsi na kofin shayi wutar fili ba ta kai zafinsa, yana buƙatar tanderu da ya haura digiri 1000, kada a yi wa shugaban makaranta alkawarinsa.

Malamar SS1 ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura biyu. Wasu iyaye sun fara tambaya ko za a sa 'ya'yansu zana mutum ko sassaƙa gunki. Sannan darasin nan guda da yake a ware, me za a riƙa yi a cikinsa?

Mai Duba Jarrabawa ya rubuta:

Malama, hukuncin hoton abu mai rai na malaman addini ne, ba namu ba, amma abin da ya shafi jarrabawa ga shi. A tsarin da aka saba akwai tambayoyin zaɓi, akwai na rubutu, akwai aikin hannu. A ɓangaren zane ana ba da zaɓi tsakanin kayan da aka jera, abin da ya tsiro kamar ganye ko 'ya'yan itace, da zanen mutum, don haka ɗalibi yana iya shiryawa a kan biyun farko. A ɓangaren ƙirƙira kuma akwai tsara rubutu da fosta, akwai tsara zanen yadi. Ki samo manhajar WAEC da ta NECO ta shekarar da yaranki za su zauna ki liƙa a bangon ajin, domin ana yin gyare-gyare, kuma ita za ki nuna wa iyaye maimakon dogon bayani.

Ki kira taron iyayen ki baje musu abin da suka riga suka sani: zayyanar allo, aska takwas ta babbar riga, dagi, zanen hula, adon bangon gidajen Zariya da Kano, zanen ƙwarya, aikin dukawa. Duk darasin maimaita siffa da daidaita dama da hagu yana cikin waɗannan. Yaro ya ɗauki dagi ɗaya ya zana shi a murabba'i mai santimita 8, ya kwafe da takarda mai shara-shara, ya maimaita a jere, sannan ya sake jerawa yana sauke kowane layi na biyu da rabi. Inda suke faɗuwa shi ne ba sa jan layukan awo tun farko, sai siffar ta riƙa girma tana tafiya. Haka rubutun fosta: layi biyu na sama da ƙasa kafin a ja harafi ko ɗaya, kuma tazarar haruffa da ido ake auna ta ba da rula ba, domin A da V in aka ba su tazarar H da N sai kalmar ta rabu biyu. In za a yanka hatimi a dankali ko tafin silifa, harafi a juye ake yanka shi, kowace shekara sai an sami mai mantawa.

Darasin da yake a ware na tarihi ne da sanin kayan aiki, kuma nan ake zubar da maki a banza. Nok tana kudancin Kaduna, masu haƙar kuza suka fara tono kayanta na gasasshen yumɓu a 1928, Bernard Fagg ya bi diddiginsu, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Igbo-Ukwu tagulla ce, Thurstan Shaw ya tona wurin daga 1959. Sai Ife, sai Benin da Turawan Ingila suka kwashe kayanta a 1897, sai duwatsun Esie. Yara suna cakuɗa su, don haka kowanne a tambaye su abu uku: ina ne, da me aka yi, me ya bambanta shi a ido. A zamanin boko kuma Aina Onabolu ne ya yi fafutukar shigar da zane makarantun Legas, Kenneth Murray ya zo koyarwa a 1927, sannan a 1958 ɗaliban kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Kada a manta da Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Mai son ci gaba ya sani jami'ar tana da sashen zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake tukwane da yadi da zanen bugu, kwalejojin ilimi da dama kuma suna da irinsa.

Kowane yaro ya sami jakar kwali biyu da aka haɗa da salatif, ya riƙa rubuta suna da kwanan wata a bayan kowane aiki. Da ita za ki ba da makin zango, ba da jarrabawar rana ɗaya ba.

Malamin Zane ya ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran Marini, rini ɗaya a zangon farko ba zai ɓata komai ba, amma a sa shi ranar Asabar ko bayan tashi, minti 80 ba za su ishi haɗi da tsomi da shanya ba. Ƙari a kan jakunkunan: kada a jingina su da bango ko a ajiye a ƙasa, gara tana son kwali fiye da komai. A ɗora su a kan tebur da aka sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ɗan baƙin mai. Zanen gawayi kuma yana gogewa in aka tara shi, a narkar da ƙaro cokali 1 a ruwa kofi 1, a tace, a fesa sama-sama da kwalbar feshi daga nisan kamu biyu, a bari ya bushe, sannan a sa farar takarda tsakanin kowane zane da na kusa da shi.